KUƊIN WASANNI DA KE KAN RASIT ƊIN ƊALIBI: WA KE BA DA LISSAFINSA?

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, mai hanzari ya ajiye shi sai dare.

A watan Afrilun 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya umarci jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi na gwamnatin tarayya su wallafa bayanan kuɗinsu a shafukansu na intanet kafin 31 ga Mayu. Abin da aka nema shi ne kason da suka samu a kasafin kuɗi, da abin da TETFund ta ba su, da tallafin bincike, da asusun gidauniya, da yawan ɗalibai. Umarni ne mai kyau, ban raina shi ba. Sai dai duk uban da ya taɓa riƙe takardar rajistar ɗansa ya san akwai wasu ƙananan layuka a jikinta da umarnin bai nemi a fayyace su ba: kuɗin asibiti, kuɗin laburare, kuɗin katin shaida, kuɗin jarrabawa, sai kuma wanda nake son mu tattauna a kai, wato kuɗin wasanni. Kowane ɗalibi yana biya, gurgu da mai ƙafa, mace da namiji, wanda ya taɓa shiga fili da wanda har ya gama digiri bai san ƙofar filin ba. Nawa ake tarawa a shekara? Me ake yi da shi? Wa ke duba takardun?

Don a gane nauyin tambayar, sai mun je ƙasar da wasan jami'a ya zama kasuwa, mu ga yadda suka yi fiye da shekara ɗari suna kokawa da ita. Kuma abin mamaki, hanyar zuwa can ta Sakkwato ta bi.

Wajen 1978 aka yi gasar wasannin kwalejojin horon malamai ta ƙasa a Sakkwato. Cikin tawagar wata kwalejin malamai ta Musulmi daga Legas akwai wani dogon yaro ɗan shekara 15 wanda ƙwallon hannu ya kawo shi, kafin nan kuma gola ne a ƙwallon ƙafa. Saboda tsayinsa aka roƙi koci ya saka shi cikin 'yan ƙwallon kwando. Sunansa Hakeem Olajuwon. A 1980 ya sauka Jami'ar Houston a jihar Texas ta Amurka. Sau uku a jere, 1982 da 1983 da 1984, ƙungiyar jami'ar ta kai zagayen huɗun ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka, sau biyu ta buga wasan ƙarshe. A 1983 an doke su da ci 54 da 52, amma duk da haka shi aka zaɓa gwarzon gasar. A 1984 shi aka fara ɗauka a zaɓen 'yan wasan NBA, Michael Jordan ya zo na uku. Sauran labarin, kofunan 1994 da 1995, kowa ya sani.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, shekarun da Hakeem ke cika filaye da 'yan kallo a Houston, doka ta hana a ba shi albashi ko na sisin kwabo. Karatu kyauta, ɗaki, abinci, shi ke nan. A daidai lokacin kuwa gidan talbijin na CBS ya karɓi haƙƙin nuna gasar daga 1982 a kan dala miliyan 16 duk shekara. To ina kuɗin ke zuwa? Wagga tambaya ita ce uwar duk rigimar da ta biyo baya.

Hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ba don kuɗi aka kafa ta ba. A 1905 'yan wasa kusan ashirin suka mutu a irin ƙwallon nan tasu ta ture-ture, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira manyan jami'o'i fadarsa ya ja musu kunne. A 1906 aka kafa ƙungiyar, a 1910 ta ɗauki sunan da take da shi yanzu. Ba a jima ba kuɗin tikiti ya fara shigowa, tsofaffin ɗalibai masu hali suka fara saye wa makarantunsu 'yan wasa a ɓoye. A 1929 Gidauniyar Carnegie ta fitar da wani babban rahoto bayan ta zagaya makarantu fiye da ɗari, ta ce mafi yawansu suna biyan 'yan wasa ta bayan gida, daga asusun da ba ya cikin littafin jami'a. Rahoton ya fito a makon da kasuwar hannun jari ta New York ta rushe, don haka hankalin mutane ya koma wani wuri, aka ci gaba da gashi.

Gasar ƙwallon kwando ita kanta da asara ta fara. A 1939 ƙungiyoyi takwas suka buga, Jami'ar Oregon ta ci, da aka yi lissafi aka tarar da giɓin dala dubu biyu da ɗoriya. Talbijin ne ya juya al'amarin. Daga miliyan 16 a shekara, CBS ta sa hannu a kan dala biliyan 1 na shekara bakwai daga 1991, sannan biliyan 6 na shekara goma sha ɗaya. A 2010 CBS da Turner suka haɗu suka biya biliyan 10.8 na shekara 14, a 2016 aka ƙara wa'adin da shekara takwas a kan biliyan 8.8, har zuwa 2032. Gasar mako uku ce a watan Maris zuwa farkon Afrilu, amma ita ke samar da mafi yawan kuɗin shigar NCAA. Da annobar korona ta sa aka soke ta a 2020, rabon da aka shirya yi wa jami'o'i na dala miliyan 600 ya dawo miliyan 225.

Yadda ake rabon ma abin lura ne. Kusan duk wasan da jami'a ta buga a gasar ana rubuta mata kaso ɗaya. Ba ita ake miƙa wa kuɗin ba, rukunin jami'o'in da take ciki ake ba, kuma a hankali ake biya tsawon shekara shida, jimillar kaso ɗaya ta kai wajen dala miliyan 2. Rukunin ne zai raba wa mambobinsa yadda suka yi yarjejeniya. Ke nan abin da ka gani a littafin wata jami'a bana a matsayin kuɗin ƙwallon kwando, wani ɓangarensa gumin yaran da suka bar makarantar shekara biyar baya ne, wani ɓangaren ma gumin wata jami'ar ce daban. Tun daga nan za ka ga lissafin ba mai sauƙi ba ne.

Akwai wani mutum, Walter Byers, wanda ya shugabanci NCAA daga 1951 har shekara talatin da 'yan kai. A zamaninsa aka yaɗa laƙabin nan na ɗalibi-ɗan-wasa, da gangan, don kada kotu ta ɗauki ɗan wasa a matsayin ma'aikaci. A 1955 wani ɗan wasa mai suna Ray Dennison ya mutu sanadin bugun da ya samu a kai a fili a jihar Colorado. Matarsa ta nemi diyyar ma'aikaci, kotun ƙolin jihar ta ce ba ta da haƙƙi, tunda makarantar ba sana'ar ƙwallo take yi ba. Byers ɗin da kansa, bayan ya yi ritaya, ya rubuta littafi a 1995 yana sukar tsarin da ya gina. Mu ma'aikatan gwamnati mun san irin wannan, gaskiya ba ta fitowa sai an karɓi giratuti.

Dokar da ta fara tilasta wa jami'o'i buɗe littafin wasanni ba daga masu binciken kuɗi ta fito ba, daga mata ta fito. A 1972 Amurka ta yi dokar da ta hana nuna bambancin jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Shekara ashirin ana jayayya: mata suna cewa ana tauye su a wasanni, jami'o'i suna cewa ba haka ba ne, kuma babu alƙaluman da za a kafa hujja da su. Sai a 1994 majalisa ta zartar da dokar bayyana daidaito a wasanni, wadda 'yar majalisa Cardiss Collins ta jihar Illinois ta tsaya a kanta. Tun daga lokacin, duk jami'ar da ke da maza da mata, take karɓar tallafin ɗalibai na tarayya, kuma take shiga gasa, dole ta fitar da rahoto kowace shekara zuwa 15 ga Oktoba: 'yan wasa nawa maza, nawa mata, albashin koci-koci, kuɗin neman sababbin 'yan wasa, kuɗin da ya shigo da wanda ya fita, da ƙwallon kwando a layinta daban. Ma'aikatar Ilimi tana zuba rahotannin a intanet. Daga nan Lambara, in kana da data, za ka iya duba abin da Jami'ar Houston ta ce ta kashe a ƙwallon kwando bara.

Amma fa a nan gizo ke saƙar. Wanda ya buɗe waɗannan rahotanni zai ga jami'o'i da yawa sun rubuta kuɗin shiga daidai da kuɗin da aka kashe, dala bisa dala, ba rara ba giɓi. Duk wanda ya taɓa zama ofishin akanta ya san ba a yin haka a duniya sai an gyara. Dalilin shi ne fom ɗin bai yarda jimillar kashewa ta wuce jimillar shiga ba, kuma ya yarda a lissafa kuɗin da jami'a ta ɗebo daga aljihunta, ko ta karɓa daga ɗalibai, a matsayin kuɗin shiga. Misali sashen wasanni ya samu miliyan 4 daga tikiti da talbijin, ya kashe miliyan 10, sai jami'a ta cike miliyan 6, a rubuta shiga 10, fita 10. Ba a yi ƙarya ba, amma ba a faɗi gaskiya ba. Ƙari a kan haka, bashin gina filaye ba ya shiga wannan fom, kuma babu odita da ke bin sa.

Shi ya sa NCAA ke da nata rahoton daban, wanda ake miƙawa a watan Janairu bayan akanta mai zaman kansa ya duba. A cikinsa ne aka raba kuɗi gida biyu, kuma wannan rabon shi ne darasin da ya fi kowane amfani gare mu. Akwai kuɗin da wasa ya samo da kansa: tikiti, talbijin, talla, gudummawar masoya. Akwai kuma kuɗin da aka ɗora masa: harajin ɗalibai, tallafin jami'a, kuɗin gwamnatin jiha. Da aka raba su haka sai asiri ya tonu. A 2019, cikin manyan jami'o'i 130 da ke sahun farko, 25 kacal ne sashen wasanninsu ya samo fiye da abin da ya kashe. Wani binciken 'yan jarida a 2015 ya gano jami'o'in gwamnati sun zuba sama da dala biliyan 10 cikin shekara biyar don toshe giɓin wasanni, babban kaso daga harajin da ake ɗora wa ɗalibai, waɗanda da yawansu da bashi suke karatu. NCAA ba ta sakin rahoton kowace jami'a ɗaya-ɗaya. Jaridu irin su USA Today ne ke amfani da dokokin 'yancin samun bayanai na jihohi suna karɓowa, su ma daga jami'o'in gwamnati kawai. Masu zaman kansu irin su Duke ba wanda ke iya tilasta musu.

Ko da alƙaluman sun fito, sai ka san inda aka ajiye kowane abu. Jami'ar Louisville ta yi shekaru tana kan gaba a kuɗin ƙwallon kwando, a wasu shekarun sama da dala miliyan 40. Sirrin shi ne katafaren zauren wasan da aka buɗe a birnin a 2010. Jami'a tana kwasar kuɗin kujerun alfarma da gudummawar da ake haɗawa da su, bashin ginin kuwa yana wuyan wata hukuma daban wadda ta dogara da harajin birni da na jiha, har sai da aka sake zama a kan yarjejeniyar a 2017. Riba a wannan littafi, bashi a wancan. A waccan shekarar ce kuma binciken FBI ya bankaɗo yadda ake biyan iyalan 'yan wasa ta hannun mutanen kamfanin Adidas, har kocin Louisville, Rick Pitino, ya rasa aikinsa. Abin da Carnegie ta faɗa a 1929 ke nan, an canza riga kawai.

Akwai kuma masana tattalin arziki da ke kallon abin ta ɗaya gefen. Suna cewa asarar ma ta takarda ce. Jami'a tana rubuta kuɗin karatun ɗan wasa a cikakken farashi a matsayin abin da sashen wasanni ya kashe, alhali daga aljihun dama ya koma na hagu. Kuma tunda ba kamfani ba ce da za ta raba riba, duk abin da ya shigo sai an nemo masa hanyar fita kafin shekara ta ƙare: a ƙara wa koci albashi, a sake gina ɗakin canza kaya. A jihohi da yawa na Amurka ma'aikacin gwamnatin da ya fi kowa albashi koci ne, ba gwamna ba. Wanga hali na cinye kaso kafin Disamba don kada a rage maka na baɗi, ba sai an fassara wa ma'aikacin Najeriya shi ba.

Duk da wannan lauje cikin naɗi, alƙaluman sun yi aiki. Su lauyoyi suka riƙe. Ed O'Bannon, tsohon ɗan wasan UCLA, ya ga an saka kamanninsa a wasan kwamfuta ba a biya shi ba, ya shigar da ƙara a 2009, ya yi nasara a 2014. A 2021 alƙalan Kotun Ƙolin Amurka tara duka suka yanke hukunci a kan NCAA, daga 1 ga Yulin shekarar aka bar 'yan wasa su ci kuɗin sunansu da hotonsu. A watan Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun da ya sa za a biya tsofaffin 'yan wasa kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara goma, kuma kowace jami'a za ta iya raba wa 'yan wasanta har wajen miliyan 20.5 a shekarar farko. Shekara 41 bayan Hakeem ya bar Houston.

To mu dawo gida.

Wasa a makarantun Arewa ya girmi jami'a. Kwalejin Katsina ta shekarun 1920 ta ɗauki wasa da muhimmanci ƙwarai, can Sardauna ya ƙware a wasan fayis, wanda har yau ake bugawa a Sakkwato da Katsina da Birnin Kebbi alhali a Ingila da ta kawo shi sai 'yan tsirarun makarantu. Jami'ar Ibadan ta fara a 1948, Nsukka a 1960, sai Zariya da Ife da Legas a 1962. Waɗannan biyar su suka fara gasar NUGA a Ibadan a 1966. Jami'ar Sakkwato, wadda ta koma Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, tana cikin waɗanda aka kafa a 1975 lokacin da kuɗin mai ke ambaliya. A Zariya wani Ba'amurke, Oliver Johnson, ya shafe shekaru yana koyar da ƙwallon kwando a filin ABU, ya mayar da Samaru wata cibiya ta wasan a ƙasar nan. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019. Ke nan ba baiwa muka rasa ba.

Yadda kuɗin wasanni ya hau kan rasit kuwa, tarihinsa yana haɗe da tarihin kuɗin makaranta gaba ɗaya. A ƙarshen shekarun 1970 gwamnatin soja ta Obasanjo ta soke kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya. A 1978 aka ƙara kuɗin abinci da kwabo 50 a rana, daga naira ɗaya da rabi zuwa naira biyu, ɗalibai suka fito zanga-zangar da ake kira Ali Must Go, aka kashe ɗalibai a Legas da Zariya, aka haramta ƙungiyarsu ta ƙasa. Tun daga ranar kowace gwamnati ta san kuɗin koyarwa wuta ne. Sai farashin mai ya faɗi, tsarin SAP ya zo a 1986, kason jami'o'i ya kasa. An hana su karɓar kuɗin koyarwa, ba a ba su abin da zai ishe su ba. Mafitar da suka samu ita ce su yanka kuɗin ƙanana-ƙanana, kowane da sunansa. Har gobe jami'in gwamnati zai tsaya ya ce karatu kyauta ne a jami'ar tarayya, kuma a takarda bai yi ƙarya ba.

Ga inda muka bambanta da Amurka. Wasan jami'a a nan ba ya sayar da tikitin kirki, ba shi da kwangilar talbijin. An gwada jawo 'yan kasuwa da gasar ƙwallon ƙafa ta HiFL daga 2018, abin a yaba ne, amma bai kai ya riƙe sashen wasannin kowace jami'a ba. NUGA da ya kamata a riƙa yi duk shekara biyu, an yi a Makurɗi a 2017, ba a sake ba sai Legas a 2022, ita ma a tsakiyar yajin aikin ASUU na wata takwas. In muka ɗauki ma'aunin nan na gida biyu, kusan duk kuɗin wasanninmu na gida na biyu ne, wanda aka ɗora. Wani zai ce to ai shi ke nan, tunda ba biliyoyi ba ne, me za a bincika? Ni a ganina akasin haka ne. Kuɗin CBS na kamfani ne da ya saya da son ransa. Namu na manomin da ya kai buhun gero ko ragon da yake kiwo kasuwa don ɗansa ya yi rajista ne, kuma ba a tambaye shi ko yana so ba. Tun da NELFUND ta fara aiki a 2024 tana biyan kuɗin rajista kai tsaye ga makarantu, wannan layin ya zama bashi a wuyan yaro, zai biya bayan ya gama bautar ƙasa.

Kuma kuɗin ba ƙarami ba ne in an tara. A ƙaddara makaranta tana da ɗalibai 20,000, a ƙaddara kowa ya ba da naira 2,000. Miliyan 40 ke nan a shekara, miliyan 160 kafin ɗan aji ɗaya ya gama. Kowa ya saka alƙaluman makarantar da ya sani ya buga da kansa, sannan ya je ya dubi allon kwandon da ke filin, ya ga ko akwai raga a jiki.

Ba cewa nake ana sacewa ba, kada a juya mini magana. Na yi shekaru ina aiki da bauca da fayil, na san yadda abin ke tafiya ko da kowa mai gaskiya ne. Kuɗi yana shiga asusu ɗaya, musamman tun da aka tilasta asusun bai-ɗaya na TSA a 2015. Da ya shiga, sunan da ke kan rasit ya goge. Ranar da kamfanin wuta ya zo yanke layi, ko janareto ya ƙare da dizal ana tsakiyar jarrabawa, ba wanda zai ce a bar wannan na ƙwallo ne. A ara a toshe, da niyyar mayarwa, ba a mayarwa. Daraktan wasanni ya rubuta takarda tun watan Muharram, ba ta fito ba sai ana jibi tafiya, a ba shi rabi, yara su kwana a aji a garin mutane. Ya dawo ya yi ritayar abin da aka ba shi har da rasit ɗin ruwan leda, shi an bincike shi. Abin da ba a bincika ba shi ne tazarar da ke tsakanin abin da anka tara da sunan wasanni da abin da anka sakar masa. A tsarin mulkinmu, sashe na 85, Babban Odita na Tarayya ba ya binciken irin waɗannan hukumomi da kansa, jerin sunayen oditoci yake bayarwa su zaɓa, sannan ya yi sharhi a kan rahoton. Shi kuma rahoton jimilla yake kawowa, kuɗin shiga na cikin gida kaza. Layin wasanni ya nutse a ciki.

Wanda ke ganin rashin lissafi ƙaramin abu ne ya dubi abin da ya faru a sama. A 2017 hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa ta rabe biyu, ɓangaren Tijjani Umar da na Musa Kida, gasar lig ta maza ta yi shekaru tana tangal-tangal, ƙungiyoyi irin su Kano Pillars suka rasa inda za su buga a kai a kai. A 2021 'yan matan D'Tigress suka fito a bidiyo suna neman alawus ɗinsu da bayanin gudummawar da aka tara da sunansu. A watan Mayun 2022 gwamnati ta janye Najeriya daga wasannin duniya na shekara biyu, kafin ta janye matakin bayan 'yan makonni an riga an ba Mali gurbinmu a gasar cin kofin duniya ta mata. Yaran nan dai su suka kai zagayen kwata fainal a Olamfik ta Faris a 2024, karo na farko ga kowace ƙungiyar Afirka, maza ko mata. Ka duba tarihin 'yan wasan, da yawansu jami'o'in Amurka ne suka raine su. Wato muna cin amfanin gonar da wasu ke lissafin takinta.

Ban ce mu kwaikwayi Amurka ba. Tsarin da koci zai fi shugaban jami'a albashi ninki biyar ba abin sha'awa ba ne, kuma mun ga fom ɗinsu ma yana da ƙofar baya. Abin ɗauka ƙarami ne: takarda ɗaya a shekara, a manne a allon sanarwa, a saka a intanet. Ɗalibai nawa suka biya, nawa aka tara, nawa aka sakar wa sashen wasanni, nawa jami'a ko TETFund ko wani mai hali ya ƙara, kowanne a layinsa kada a cakuɗa. Sannan me aka kashe a kan kowane wasa, nawa ga maza nawa ga mata, domin 'yan matanmu suna biya daidai da maza, kuma a makarantu da yawa na Arewa ko awa ɗaya ba a ware musu a fili ba. In an ari kuɗin an sayi dizal, a rubuta an ara. Ba laifi ba ne a ce wuta ta fi ƙwallo muhimmanci a watan jarrabawa, ɗalibai da kansu za su yarda, amma su sani. Haka kuma sakandarorinmu na nan Shagari da Boɗinga da Yabo, duk inda ake karɓar wani abu da sunan gasar gidaje, shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai su nemi a karanta lissafin a taro.

Kuma ba sai an jira minista ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayun 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi takarda, ba tare da ya faɗi dalilinsa ba. An daɗe ana gardamar ko ta shafi jihohi, sai a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli, a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo, ta ce ta shafe su. Ke nan jami'ar jiha da kwalejin ilimi da foliteknik duk sun shigo. Ƙungiyar ɗalibai, ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ko uba guda ɗaya, zai iya rubuta wa magatakardar makaranta wasiƙa mai layi biyar, ya nemi jimillar kuɗin wasanni da aka karɓa a zangon karatu uku da suka wuce da abin da aka saki, ya ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Doka ta ba su kwana bakwai su amsa, za su iya neman ƙarin bakwai in takardun suna da yawa. In sun ƙi, ko sun yi shiru, mai nema yana da kwana 30 ya kai maganar babbar kotu, kuma in aka tabbatar an hana shi ba bisa ƙa'ida ba, tarar naira 500,000 ce.